Adireshin Aro da Inshorar Lafiya: Matsayin Makiyaya, Masunta da 'Yan Ci-rani a Ƙaramar Hukumar Miga

Tsakure

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane mazaunin Najeriya shiga inshora, amma tsarin da ake bi wajen rajista ya ɗaure kowane mutum da mazaɓa ɗaya da asibiti ɗaya. Wannan maƙala ta dubi abin da hakan ke nufi ga mutanen da sana'arsu ta hana su zama wuri guda a ƙaramar hukumar Miga da sauran fadamun kogin Haɗeja, wato makiyaya da masunta da 'yan ci-rani. Ta kwatanta dabarar da suke bi ta aron adireshin mai masauki ko na ɗan'uwa da irin wadda matafiyan dindindin ke bi a Amurka. Maƙalar ta nuna cewa adireshin aro yana shigar da sunan mutum cikin rajista, amma ba ya kai masa magani inda cuta ta same shi, domin kuɗin inshorar asibiti suke bi, ba majinyaci ba. Ta kawo shawarwarin da za a iya aiwatarwa a matakin jiha ba tare da jiran sabuwar doka ba.

1.0 Gabatarwa



Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa suke fitowa. A karkara ma'anar wannan a fili take: idan cuta ta shigo gida sai a sayar da akuya, ko a ɗebi hatsin rumbu, ko a jinginar da gona. Don rage wannan nauyi aka kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, wanda bai fara aiki ba sai 2005, kuma ya shafe shekaru bai wuce ma'aikatan gwamnatin tarayya da na manyan kamfanoni ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta samar da Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Daga nan a watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta mayar da inshora wajibi, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. Jihohi suka kafa hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu. Ta Jigawa ita ce JICHMA da ke Dutse.

Duk wannan ci gaba ne, kuma ban zo nan don in rage masa daraja ba. Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ƙarama ce a ido: a takardar rajista akwai gurbin da aka ce mutum ya rubuta inda yake zaune, da gurbin da zai zaɓi asibitinsa. Me Bafulatanin da ke cin rani a fadamar Miga, ya yi damina a tudun Damagaram, zai rubuta a wurin? Maƙalar ta dogara ne a kan nazarin dokoki da ƙa'idojin inshora da kuma sanin yadda rayuwa take a yankin. Misalan mutane da zan kawo na kwatance ne, domin a ga yadda tsarin ke aiki.

2.0 Miga da Mutanenta Masu Tafiya

Miga ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa. Tana ƙarƙashin masarautar Dutse, tana maƙwabtaka da Jahun da Kafin Hausa da Auyo, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kimanin 128,000 a mazaɓu 10, cikinsu har da Hantsu da Sansani da Zareku da Tsakuwawa. Abin da ya fi komai tasiri a rayuwarta shi ne kogin Haɗeja. Kogin ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya ratsa Jigawa, ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, sannan ya haɗu da na Jama'are su zama kogin Yobe da ke gangarawa Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa da janyewarsa suka sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe.

A irin wannan ƙasa ruwa ne ke tsara kalandar mutane. Idan damina ta kankama fadama ta cika, sauro da ƙuda suka yi yawa, gonaki suka rufe ko'ina, makiyayi ba shi da zaɓi sai ya kora shanunsa tudu, wasu su tsaya a arewacin Jigawa, wasu su ƙetare iyaka ta wajen Maigatari su shiga Nijar. Da an kawar da amfanin gona sai su biyo burtali su dawo, domin a lokacin rani babu inda ya kai fadama ciyawa da ruwa. Masunta kuma kifi suke bi. Idan ruwa ya ja a nan sai su gangara wajen Guri da Nguru da Gashuwa, kuma an daɗe da sanin masuntan ƙasar Haɗeja a bakin Tafkin Chadi. Sai 'yan ci-rani, matasan da ke barin gida bayan girbi su tafi Kano ko Abuja ko Legas ko Fatakwal, su yi dako ko ga-ruwa ko acaɓa ko gadi, ba su dawo ba sai an yi ruwan shuka.

Akwai rukuni na huɗu da ba a cika lissafawa da matafiya ba, alhali kuwa su ne suka fi kowa shan wuya: waɗanda ambaliya ke tayarwa. A 2012 da 2020 da 2022 ruwa ya ci garuruwa da gonaki a wannan kwari, iyalai suka kwashe makonni a makarantu da gidajen 'yan'uwa. Mutum yana iya zama bai bar ƙaramar hukumarsa ba, amma ruwa ya shiga tsakaninsa da asibitin da aka rubuta masa, sai da kwale-kwale, in an samu.

Waɗannan mutane ba baƙi ba ne a tattalin arzikin jihar. Nonon da ake sha, da naman da ake yankawa, da bandar kifin da ta yi wa kasuwar Haɗeja suna, da shanun da ke cika kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis, daga hannunsu suke fitowa.

3.0 Yadda Kuɗin Inshora Ke Tafiya

Sai an fahimci hanyar da kuɗin ke bi kafin a gane inda matsalar take. Idan mutum ya yi rajista, ana haɗa sunansa da asibiti ɗaya na matakin farko. Hukumar inshora tana biyan wannan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ke cikin jerinsa, ko ya zo ko bai zo ba. Da kuɗin ne asibitin ke sayen magani da kayan gwaji. Idan cutar ta fi ƙarfinsa sai ya tura majinyaci babban asibiti da takardar turawa da lambar izini, a can kuma a biya gwargwadon aikin da aka yi. A ɓangaren asusun matakin farko, manufar ita ce a sami asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, kuma Jigawa tana da mazaɓu 287. Ana zaƙulo marasa galihun da za a biya wa ne mafi yawa daga rajistar talakawa, wadda ake haɗawa ta hanyar tara mutanen gari su nuna gidajen da suka fi buƙata.

Tsarin yana da hikima. Yana ba ƙaramin asibiti tabbacin kuɗi a hannu, yana hana yawan gwaje-gwajen da ba su da amfani, yana kuma sa ma'aikaci ya san mutanensa. Sai dai an gina shi a kan zato guda, cewa inda mutum yake ranar rajista nan zai kasance ranar da zazzaɓi ya kama shi. Ga manomin da ke zaune a Tsakuwawa shekara da shekaru, zaton daidai ne. Ga makiyayi kuwa ya rushe tun daga matakin farko, domin ranar da aka tara jama'a a ƙofar gidan dagaci ana rubuta sunaye, wataƙila shi yana can wata ƙasa da garkensa, kuma rugar da ya bari ba ta cikin jerin unguwannin da mai unguwa zai lissafa.

4.0 Adireshin Aro

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka akwai mutanen da suka sayar da gidajensu suka koma zama a cikin manyan motoci masu ɗaki, suna yawo daga jiha zuwa jiha duk shekara. Dokar inshorar lafiya ta 2010 a ƙasar ta tsara cewa mutum zai sayi inshora a jihar da yake zaune, farashin kuma ya danganta da shekarunsa da yankinsa. Don haka sai waɗannan matafiya su yi rajista da kamfanonin da ke karɓar wasiƙu a madadin mutum su tura masa duk inda yake, su riƙa amfani da adireshin kamfanin a matsayin mazauninsu. Jihohin Teksas da Fulorida da Dakota ta Kudu ne suka fi shahara a wannan harka, saboda ba sa karɓar harajin kuɗin shiga na jiha. Ƙungiyar matafiya ta Escapees, wadda aka kafa a 1978, ta shafe shekaru tana gudanar da irin wannan hidima a garin Livingston na Teksas.

Da adireshin suna samun lasisin tuƙi da rajistar mota da inshora. Amma yawancin inshorar da mutum ke saya da kansa tana aiki ne da jerin asibitocin yankin da aka saye ta. Idan matafiyin yana wata jiha mai nisa, abin da aka tabbatar masa shi ne kulawar gaggawa. Ganin likita na yau da kullum kuwa, ko dai ya biya da aljihunsa ko ya koma jihar da adireshinsa yake. Ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan lafiya ke nan, ita ma adireshin aro bai raba ta da matsalar ba.

Mu a nan mun riga su sanin wannan dabara, kuma tamu ta fi tasu ƙarfi, domin mutum ne ke tsaya wa mutum. Tun zamanin fatauci, baƙo ba ya shiga gari sai da mai masauki, wanda zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya shaide shi a gaban masu saye da masu mulki. Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda masu gida ke tsakanin fataken shanu na Arewa da mahautan Kudu. Har gobe Bafulatanin da ke zuwa fadama yana da mutuminsa a gari: dillali, ko mai shago, ko manomin da yake sauka a gonarsa ya bar masa taki. A wurinsa ake barin saƙo, a shagonsa ake cajin waya, kuma idan an zo rajistar katin ɗan ƙasa ko ta layin waya, sau da yawa sunan unguwarsa ake bayarwa. Ɗan ci-rani shi ma gidan mahaifinsa yake rubutawa, ko da wata bakwai yake yi a Legas.

Ina so in faɗi wannan da babbar murya: mutumin da ya ba da adireshin mai masaukinsa ba maƙaryaci ba ne. An tambaye shi abin da ba shi da shi, ya ba da mafi kusa da gaskiya, wato wurin da za a neme shi a samu labarinsa. Bai kamata jami'in rajista ya ɗauke shi mai zamba ba, bai kuma kamata a bar abin a ɓoye ba, kamar wani laifi da ake kau da kai a kansa.

5.0 Inda Adireshin Aro Ya Gaza

Mu ɗauki misalin matar wani makiyayi da aka yi wa rajista a Hantsu a watan Fabrairu da adireshin mai masaukin mijinta. Tana da ciki wata biyu. Ta yi awo sau ɗaya ko sau biyu kafin a tashi. A watan Yuni ruga ta yi arewa. Watan haihuwarta zai zo a Satumba, tana wani daji da ke da tafiyar kwanaki daga asibitin da sunanta yake. Idan naƙuda ta yi tsanani ko jijjiga ta kama ta, za a kai ta asibiti mafi kusa, ta nuna kati, ma'aikaci ya duba jerinsa bai ga sunanta ba. Ba mugunta ce za ta sa ya nemi kuɗi ba. Maganin da ke cikin kabad ɗinsa da kuɗin mutanen jerinsa aka saye shi, kuma idan ya bayar babu wanda zai mayar masa. A daidai wannan lokaci asibitin Hantsu yana karɓar kuɗin kanta duk wata, ba tare da ya ga fuskarta ba. Gwamnati ta biya, matar ba ta amfana ba, kuma a rahoton ƙarshen shekara za a lissafa ta cikin waɗanda inshora ta rufe.

Wannan batu na haihuwa ba ƙarami ba ne a yankinmu. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a babban asibitin Jahun, maƙwabciyar Miga, tana karɓar haihuwa mai wahala tana kuma yi wa masu yoyon fitsari aiki. Yoyon fitsari kuwa yawanci sakamakon doguwar naƙuda ne da ba a kai ga asibiti da wuri ba. Duk abin da zai sa miji ya yi jinkiri yana lissafin kuɗi kafin ya nemi mota, yana ƙara yawan matan da ke kwance a wannan sashe.

Cututtukan da ke buƙatar magani ba yankewa sun fi nuna raunin tsarin. Maganin tarin fuka wata shida ake yi ana sha, kuma yanke shi a tsakiya yana haifar da nau'in cutar da ba ya jin magani, wanda zai yaɗu a ruga da kasuwa da mota. Mai hawan jini ko ciwon suga yana buƙatar a duba shi a sabunta masa magani a kai a kai, kuma waɗannan biyun suna cikin manyan abubuwan da ke lalata ƙoda, cutar da aka daɗe ana kokawa da yawanta a ƙasar Haɗeja. Masunci da ke wuni a cikin ruwa yana fama da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro a can inda yake su. Makiyayi kuma a daji maciji ke saransa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran mutum ya dawo mazaɓarsa. Ƙa'idojin inshora sun yi tanadin kulawar gaggawa ga wanda ya yi tafiya, sun kuma yarda mutum ya sauya asibiti bayan wani lokaci, amma an tsara su ne da tunanin ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki ko ya je hutu, mai waya da ilimin cike takarda. Wanda tafiya ce rayuwarsa ba zai riƙa neman sauyi sau biyu ko sau uku a kowace shekara ba.

Nisan da mutum ya yi shi ke nuna girman matsalar, kuma mataki huɗu ne. Na farko, wanda ya bar mazaɓarsa amma yana cikin ƙaramar hukuma, kamar wanda ambaliya ta tayar. Na biyu, wanda ya bar Miga amma yana cikin Jigawa, a Kirikasamma ko Birniwa ko Maigatari. Waɗannan biyun hukuma ɗaya ce ke riƙe da kuɗinsu, saboda haka gyaransu yana hannun Dutse. Na uku, wanda ya shiga Yobe ko Bauci ko Kano ko Legas, inda wata hukumar ce dabam da asusunta da jerin sunayenta. Na huɗu, wanda ya ƙetare zuwa Nijar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan zirga-zirgar makiyaya ta tanadi takardar shaida da ke nuna yawan dabbobi da rigakafin da aka yi musu da hanyar da za su bi. An yi wa saniya tanadin takardar lafiya ta ƙetare iyaka. Mai kora ta ba shi da irinta.

Akwai wata asara da ba a cika gani ba. Ba duk makiyayi ne matalauci ba. Mai garken shanu yana iya biyan kuɗin inshorar iyalinsa na shekara da kuɗin ɗan maraƙi, kuma tsarin taimakekeniya yana buƙatar irinsa, masu biya da kansu, don asusun ya yi ƙarfi. Amma mutumin da ya iya cinikin shanu ba zai sayi abin da zai yi masa aiki wata biyar ya mutu wata bakwai ba. Idan muka ce ya ƙi shiga saboda jahilci, mun zalunce shi. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

6.0 Abin da Aka Riga Aka Gwada

Hujjar da aka fi kawowa ita ce mutanen nan ba su da wurin zama, ba a san inda za a same su ba. Tarihinmu bai goyi bayan wannan magana ba. Shekara da shekaru hukuma tana karɓar jangali a hannun makiyaya ta hannun arɗo da hakimi, ana ƙirga shanu ana yanka rasit, har zuwa lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin Miga tana cikinta. Hukumar da ta iya gano ruga don karɓa tana iya gano ta don bayarwa.

An ma yi hakan. A 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa mai hedkwata a Kaduna, wadda aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura, bisa amincewa da cewa makaranta ce za ta bi yaro. A yaƙin da aka yi da shan-inna, daga 2012 an tura ma'aikata suka bi arɗo-arɗo suna rubuta rugagen da ba su taɓa shiga taswirar rigakafi ba, kuma wannan yana cikin abin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agusta na 2020. A Chadi, tun daga 2000 aka gwada haɗa rigakafin dabbobi da na mata da yara a fita ɗaya, ma'aikacin dabbobi da na mutane a mota guda, domin makiyayi ba ya ƙin kawo garkensa.

Ta fuskar inshora kanta, Gana ta fara a 2003 da asusu dabam-dabam na gundumomi, ta ga wahalar da mai kati ke sha idan ya bar gundumarsa, sai ta haɗe su wuri ɗaya da dokar 2012. Shirin inshorar talakawa da Indiya ta ƙaddamar a 2018 ya ba mai kati damar kwanciya a duk asibitin da ke cikin shirin a kowace jiha, saboda ɗimbin 'yan ci-ranin ƙasar.

7.0 Shawarwari

Abu na farko shi ne a halatta abin da ake yi a ɓoye. A ƙara gurbi a takardar rajista inda mutum zai bayyana cewa shi mai ƙaura ne, ya ba da sunan arɗonsa ko sarkin ruwansa ko mai masaukinsa da lambar waya, ya faɗi inda yake cin rani da inda yake damina. Wannan zai ba hukuma bayanin da ba ta da shi yanzu, wato yawan masu tafiya da hanyoyinsu. A kuma kai rajistar inda suke taruwa da lokacin da suke nan: ranakun kasuwa, da mashaya, da wuraren rigakafin dabbobi, tsakanin Disamba da Afrilu.

Na biyu, kuma shi ne ginshiƙi, kada a tura kuɗin mai ƙaura ga asibiti ɗaya. A ajiye shi a wani asusu na musamman a hukumar jiha, duk asibitin da ke cikin shirin da ya duba shi ya tura lambarsa ta katin ɗan ƙasa (NIN) da bayanin aikin da ya yi, a biya shi. Na san abin da za a ce: biyan kuɗi a kan aiki yana buɗe ƙofar ƙirƙiro majinyatan bogi. Gaskiya ne, kuma dole a yi tanadi, ta hanyar ƙayyade farashin kowane aiki, da ɗaukar hoto ko zanen yatsa, da kiran waya ana tambayar wasu daga cikin waɗanda aka ce an duba. Amma mu tuna cewa tsarin yanzu ma yana biyan kuɗi a kan mutanen da ba a gani, sai dai shi ba ya barin wata alama da mai bincike zai bi. Inda wannan ya yi wuya a farko, ana iya farawa da rajistar asibiti biyu, na rani da na damina, a raba kuɗin gwargwadon watanni.

Na uku, a sa doka ta dindindin cewa da zarar an ayyana ambaliya a wata ƙaramar hukuma, katin duk mutanenta zai yi aiki a kowane asibitin gwamnati na jihar har ruwa ya janye. Ga masu tarin fuka da hawan jini da ciwon suga da masu juna biyu, a ba su katin bayani da za su riƙe a hannu, a kuma ba da maganin watanni ga wanda likita ya ga ya dace kafin ya tashi.

Matakin tsakanin jihohi yana buƙatar hukumar NHIA ta zama mai shiga tsakani wajen biyan bashin da wata jiha ke bin wata. Kafin a kai ga haka, babu abin da ya hana Jigawa da Yobe, waɗanda kogi ɗaya da makiyaya ɗaya da masunta ɗaya suka haɗa, su ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu. Batun ƙetaren iyaka zai fi ɗaukar lokaci, kuma ban ga dalilin da zai sa a jira shi ba kafin a yi na gida.

Ina roƙon jami'an hukumar JICHMA da na hukumar lafiya a matakin farko, da shugabannin ƙaramar hukumar Miga, da iyayenmu hakimai da arɗo-arɗo, su zaɓi mazaɓu biyu na bakin kogi a Miga su gwada asusun masu ƙaura na shekara ɗaya, daga kaka zuwa kaka, su rubuta abin da aka kashe da yawan waɗanda aka duba da wuraren da aka duba su. Mu kuma da ke jami'o'i da kwalejojin lafiya mu ɗauki nauyin bin sawun gwajin da fitar da sakamakonsa a fili. A fara rajistar a watan Disamba, lokacin da shanu suka sauko fadama.